YAWON SALLAH DA ƘARAMIN YARO: A HANNUN WA YAKE?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa na goman ƙarshe na Azumi a garin Batsari, wanda 'yan'uwa daga Safana, Runka da Ruma suka halarta. Mun kawo muku shi kamar yadda aka naɗo. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta (SAW), ina gaida malamaina da iyayena da ke zaune a nan, da sauran 'yan'uwa matasa. An ce in yi magana a kan yawon Sallah. Da aka gaya mini sai da na yi dariya, domin na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Ba don na fi kowa karatu ba ne. Ni ne dai wanda ya taɓa ɓatar da yaro a Kano, kuma labarin ya riga ni isowa gida. To, an ce jiki magayi, saboda haka abin da jikina ya gaya mini shi zan gaya muku.

Kafin nan bari in cire wata ƙaya. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da suke ganin kai yaro wurin lilo ko gidan namun daji ɓata lokaci ne da almubazzaranci, wai mutumin kirki ba ya taka irin waɗannan wurare. Ni ban tafi a kan haka ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa a ranar Idi Habashawa sun yi wasan mashi da garkuwa a masallacin Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ita da kanta ta ƙoshi da kallon. To in an ba babba wannan sarari, ina ga yaro?

Ballantana yaran wannan yanki namu. Mu da muke nan mun ɗan ga Sallah a yarintarmu: mun bi hawan hakimi a guje, mun shiga gida-gida karɓar goron Sallah, mun taka da ƙafa zuwa ƙauyen kakanni mun dawo da almuru, ba mai tunanin komai. Amma yaron da aka haifa daga 2019 zuwa yau, me ya gani? A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, nan ƙarƙashin Batsari. A shekarar ce kuma cutar korona ta hana hawan Sallah. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana. Ƙauyuka nawa ne na bakin Dajin Rugu suka watse, yaransu suka dawo cikin gari suna raɓe a gidajen dangi? Ɗan yayana, wanda zan ba ku labarinsa, a cikin watannin rashin wayar nan aka haife shi. Sai da na hau mota na je Katsina kafin na iya kiran goggonmu a Kano in sanar da ita haihuwa. Yaron nan ya san ƙarar babura masu yawa abin gudu ne tun bai san mene ne lilo ba. Irin wannan yaro, in aka ce yau za a kai shi inda zai yi dariya, wallahi ba almubazzaranci ba ne. Haƙƙinsa ne. Maganar ita ce yadda za a kai shi, da wanda zai dawo da shi.

Kuma da ku nake, 'yan'uwa matasa, domin ranar Sallah ku ake danƙa wa yara. Uba yana zaure yana karɓar baƙi, uwa tana kan tuwon Sallah, sai a ce, "Kai wane, tafi da ƙannenka." Shi ke nan an rataya maka amana a wuya, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ƙaramar Sallar 2024 ta kama ranar Laraba, 10 ga Afrilu. Washegari da sassafe muka ɗauki hanya, ni da Yaya da matarsa da yaron, lokacin yana da shekara biyu da rabi, da ƙannena biyu. Muka biyo ta Katsina, Kankiya, Tsanyawa, Bichi, muka sauka gidan goggo a Kurna. Kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Abin da muka biya zuwa da dawowa ya sayi buhun taki har da canji, amma Yaya ya ce yaransa da ƙannensa su ma su ga duniya. Aka tsayar da cewa ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a tafi Gidan Zoo.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, wurin an kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa wurin yake amsawa. Fili ne babba, ya haura hekta 40, da itatuwa da kejunan dabbobi da wurin lilon yara. In kuna son ku gane yawan jama'ar da ke shiga wurin da Sallah, ku tuna labarin 2019, lokacin da aka nemi naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara a kwanakin Sallah aka rasa, har aka yi ta yayata cewa wai goggon biri ne ya haɗiye su, gwamnan lokacin, Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a wurin. Ni ba birin ne ya dame ni ba. Ku lissafa mutum nawa ne za su biya 'yan kuɗin ƙofa har su tara miliyan shida da ɗoriya a 'yan kwanaki. A cikin irin wannan taro muka shiga da yaron da bai kai tsawon cinyata ba.

Mu tara ne, da 'ya'yan goggo: manya biyar, yara huɗu. Duk wanda ya gan mu zai ce yaron nan ya fi kowa tsaro, manya biyar a kansa. To a nan gizo yake saƙar.

Ni na ɗauko shi a wuya tun daga ƙofa. Da muka isa wajen zaki, mutane sun yi cincirindo, kowa yana ɗaga waya. Ni ma zuciya ta ce in ɗauki hoto in nuna wa abokai a Batsari. Na sauke yaron, na tsayar da shi kusa da ƙanwata, ban ce mata komai ba, domin a ganina ai tana ganinsa. Ita kuma ta ɗauka uwarsa ce ke riƙe da shi, tunda tana bayanta. Uwar ta san yana wuyana, don haka ta juya tana gyara wa wata yarinya ɗankwali. Yaya yana can yana sayen ruwa. Kowannenmu ya ga yaron. Babu wanda yake riƙe da shi. Hoto uku na ɗauka, na duba ƙasa, wayam.

'Yan'uwa, kada Allah Ya nuna muku irin wannan lokaci. Daga baya da muka duba agogo, abin bai fi minti ashirin ba, amma ni na tsufa a cikinsu. Abin da ya faɗo mini shi ne yaran nan tara da 'yan sanda suka bayyana a watan Oktoban 2019, waɗanda aka sace daga unguwannin Kano aka gano su a Onica, wasu sun shekara da shekaru, har harshen iyayensu ya fara ɓace musu. Na tuna Inna da ta rako mu bakin mota tana cewa, "Ku kula mini da mai gidana." Na ce da wane baki zan koma Batsari?

Ku ji kuma wautar da muka ƙara a kan ta farko. Mu duka biyar muka watse a guje, kowa ya nufi inda ransa ya ba shi. Ba wanda ya tsaya inda aka rabu da yaron, alhali nan ne zai fi yiwuwa ya dawo ko a dawo da shi. Ba wanda ya nufi ƙofa ya sanar da ma'aikata, alhali duk mai niyyar fita da yaro ta nan zai bi. Muna ta kiran sunansa, a wurin da yara ɗari ke amsa wannan suna. Wani bawan Allah ya tare ni ya ce, "Wane irin kaya ne a jikinsa?" Wallahi sai da na yi jim. Ni da na ɗauko shi a wuya tun daga gida, na kasa tuna launin rigarsa. Na kira Yaya a waya, kira ya ƙi shiga saboda cunkoso.

A ƙarƙashin wata bishiya muka same shi, bai fi taku hamsin daga inda na sauke shi ba. Ashe mai sayar da balan-balan ya bi. Wata dattijuwa ce ta gan shi yana kuka, ta ɗauke shi ta zauna a wurin, ba ta gusa ko'ina ba, ta ce ta san masu shi za su biyo. Ta tambaye shi sunan ubansa, ya ce "Abba." Ta tambaye shi garinsu, ya ce "gida." Da na iso ina haki, ya miƙo hannu yana "Baffa, Baffa," ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ne ubansa?" Na ce, "A'a Mama, ƙanen ubansa ne." Ta dubi wayar da ke hannuna ta ce, "To hoton da ka ɗauka, shi za ka kai wa kakarsa?" Ban iya ce mata komai ba. Ko sunanta ban tambaya ba, amma har yau ba na manta ta a addu'a.

Tun ranar muka kafa wata doka a gidanmu, kuma ita ce mafi girman abin da na zo da shi yau. Yaro ƙarami, a kowane lokaci, yana hannun mutum ɗaya ne wanda aka ambata. In zan sauke shi, sai na kama hannunsa na sa a naka, na ce "Na ba ka shi," ka ce "Na karɓa." In ban ji wannan kalma daga bakinka ba, to yana wuyana, ko da kuwa uwarsa ce ke tsaye kusa da shi. Ai haka muke yi a kasuwa. Wa ya taɓa ajiye kuɗin saniya a kan benci ya tafi, wai ai mai saniyar yana gani? Sai an ƙirga, hannu da hannu, an yi shaida. Kuɗi muke yi wa haka, amma ɗan mutum sai mu ce ai ana gani.

Wanda yake riƙe da yaro kuwa, wayarsa tana aljihu. In hoto ake so, wani ya ɗauka. Hoton da ya wajaba ɗaya ne, shi ne wanda za a yi wa yaron a ƙofar gida kafin a fita, da kayan da ke jikinsa, domin ranar Sallah yara duk kama suke yi, sabuwar shadda da sabuwar hula, wasu ma anko. A rubuta lambar waya biyu a takarda a sa masa cikin aljihu a maƙale da fil, ko a rubuta da biro a damtsensa ƙarƙashin hannun riga. Kada a rubuta sunansa a inda kowa zai gani, domin yaro yana bin duk wanda ya kira shi da sunansa. Wannan ba ƙauyanci ba ne. A Harami na Makka ma ana ɗaura wa yara abin hannu mai ɗauke da lambar waliyyinsu saboda cunkoso. Da an shiga wuri a nuna wa kowa inda za a haɗu in an rabu. In kuma abin ya faru, mutum ɗaya ya kafe a inda aka rabu, ɗaya ya ruga ƙofa, sauran su ɗaga murya suna faɗin kamanninsa: yaro ɗan shekara biyu, shuɗiyar riga, ba hula! Nan take idanu ɗari za su taya ka nema. Kunyar ɗaga murya ba ta da wuri a nan.

Akwai kuma masu jin nauyin a gan su da yaro a kafaɗa, wai aikin mata ne, sai su sake shi yana binsu a baya kamar ɗan akuya. Wanda ya fi mu duka mazantaka ya yi sallah da jikarsa Umama a kafaɗarsa, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Kai wane ne?

Ɓatan yaron shi mutane suka ji, amma ba shi kaɗai ne kuskurenmu ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga tun farko tafiyar nan mun auna ta ne da jikinmu, ba da jikinsa ba. Ku duba lokacin da muka zaɓa: bayan Juma'a, a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yake haura digiri 40, kuma daidai lokacin da yaron ya saba barcin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. Mu kuwa mun tashe shi da asuba ranar Alhamis, ya wuni a matse cikin mota, ya kwana a baƙon wuri, sannan muka fito da shi cikin rana tsaka da sabon takalmi mai cizo. Da ya fara rigima muka ce yaron nan ya cika fitina. Ba fitina ba ce, gajiya ce da ƙishirwa, ba shi da bakin faɗa ne kawai. Da mun fita da hantsi muka dawo kafin Azahar, da mun tarar da wurin da sauƙin jama'a, dabbobin ma ba su lafe cikin inuwa ba.

Haka wajen lilo. Tun kafin mu je wurin zaki na biya kuɗi na ɗora shi a kan irin dokin nan mai zagayawa. Da abin ya motsa sai ya ƙanƙame ƙarfe yana ihu. Maimakon in ce a tsaya, sai na ce ai an riga an biya, zai saba. Ban tuna cewa wannan yaro ne da ƙarar inji ke firgita shi tun daga gida ba. Turawan da suka mayar da wannan harka sana'a, irin su Disneyland da aka buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955, a bakin manyan lilunansu akwai ma'aunin tsawo. In yaro bai kai ba, ko nawa ubansa ya biya ba zai hau ba. A wurarenmu ba ko'ina za ka samu wannan ba, saboda haka kai ne ma'aunin. Ka duba ko akwai abin da zai tare shi kada ya zame, ka duba ƙarfen ko ya yi zafi da rana, ka bari ya kalli wasu yara tukuna. In ya noƙe, a bar shi. Asarar kuɗin lilo ba asara ba ce.

Ta wajen ci kuwa, abu biyu zan faɗa. Ɗan ƙasa da shekara huɗu ba a ba shi gyaɗa ko alewa mai tauri yana tafe yana tsalle, kuma ba a bar masa fasasshen balan-balan ya sa a baki, domin waɗannan su ne ke shaƙe yara. Sannan a taho masa da ruwansa da abincinsa daga gida. Mu mun saya masa wani jan abin sha mai ƙanƙara a bakin titi, da daddare gudawa ta ce salamu alaikum. Goggo ce ta cece mu da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi kaɗan-kaɗan. Kowane saurayi ya haddace wannan. In kuwa ka ga idon yaro ya faɗa, ya daina fitsari, ko ya kasa sha, to ba maganar gida ba ce, sai asibiti.

Maganar hanya ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. Ko ta Katsina za ku bi, ko mutanen Safana da ke bi ta Dutsin-ma su ɓulla Kankiya, a tambayi direbobi labarin hanya kafin a tashi, a fita da safe, kada yamma ta riske ku da yara a tsakanin garuruwa. Masu ɗora yara uku a kan babur ranar Sallah suna tsere kuwa, ina roƙonku don Allah ku bari. Haka masu kai yara bakin dam, Zobe ko Jibiya: ƙaramin yaro ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi, kuma ba ya ihu in yana nutsewa.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce a daina zuwa Kano. Ƙanena mai shekara goma sha biyu har yau yana ba abokansa labarin zaki da jimina da kada, ya ma zana su a bayan littafinsa na makaranta. Shi kuɗin motarsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ɗan shekara bakwai zuwa sama, a kai shi Gidan Zoo, a kai shi Katsina ya ga hawan Sarki a Ƙofar Soro, a nuna masa hasumiyar Gobarau, in da hali har rijiyar Kusugu a Daura. Amma ɗan shekara biyu, awa ɗaya da safe a wuri na kusa, a kafaɗar wanda ya sani, ta ishe shi Sallah.

Ranar Lahadi muka dawo Batsari. Inna ta riga ta ji komai, ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi mini zafi a kan a ce ta yi faɗa. Ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya ta ce, "Mai gidana, me ka gano mini a Kano?" Muka yi shiru muna jiran ya ce zaki. Ya yi tunani, ya buɗe hannuwa ya ce, "Akuya!" Ashe akuyar da ke ɗaure a tsakar gidan goggo yake nufi. Inna ta dubi Yaya, ta dube ni, ta nuna bayan ɗaki da haɓa, inda awakinta bakwai suke tuƙa.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya tsare mana yaranmu.